Sabon injin motar rimot: wanne ake yi wa horo, kuma me ya kawo kofin ruwa cikin zancen?

Duk wanda ya shiga harkar motocin rimot a 'yan shekarun nan, ko ya saya wa yaro guda ɗaya, da wuya a ce bai ci karo da bidiyon nan ba. An tsoma ƙaramin injin lantarki a kofin gilashi, an jona masa waya biyu, yana juyawa a cikin ruwa, ruwan kuma yana rikiɗa daga garau zuwa toka-toka. Mai bidiyon zai ce haka ake yi wa kowane sabon inji kafin a ɗaura shi a mota.

A wajen samarinmu na Jidda da Makka, waɗanda ke fita da motocinsu fili ko istiraha (gidan shaƙatawa na haya) ranar Juma'a bayan La'asar, maganar ta raba kawuna. Wasu sun rantse cewa injin da bai sha ruwa ba ba ya daɗewa. Wasu na ganin haɗa ruwa da lantarki ganganci ne kawai. Akwai kuma waɗanda suka ce tun da suka fara wasan ba su taɓa yi wa inji komai ba, kuma motocinsu na nan suna gudu. Iyaye na gefe suna tambayar abin da ya fi damunsu, wato ko kuɗin da suka kashe zai tafi a banza.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai a kan wani irin inji daban. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda suna ɗaya ya rufe ayyuka uku da ba su da alaƙa sosai da juna.

Abin da ake nufi da horo

Larabawan nan kan ce tamrin, wasu su ce talyin. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi sanin rodaj. Ma'anar dai guda ce: a lallaɓa sabon inji na wani lokaci har sassan da ke gogar juna su zauna daidai, kafin a ɗora masa cikakken aiki. A wannan rubutu za mu kira shi horo.

Asalin al'adar daga injin mai take. A motar hawa ko babur, ringi da bangon silinda ne ke bukatar su saba da juna, shi ya sa ake hana sabuwar mota gudu. Su ma motocin rimot masu shan man naitiro haka ne, har ma abin ya fi tsanani a wajensu, domin fistin ɗinsu yana matsewa sosai a saman silinda, kuma sai an ƙona tanki da yawa da mai a wadace kafin a sake wa injin mara. Wanda ya taso a wannan zamani, idan ya koma motar batir, yakan taho da ɗabi'ar.

Injin lantarki kuwa ba shi da fistin, ba shi da ringi, ba ya ƙona komai. Abin da ke bukatar zama a cikinsa ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba kowane injin lantarki ke da shi ba.

Abin da ke cikin gwangwanin

Injinan lantarki na motocin rimot iri biyu ne: mai buroshi da marar buroshi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ƙirga waya. Mai buroshi waya biyu ke fita daga gindinsa. Marar buroshi manyan wayoyi uku gare shi.

Mai buroshi shi ne tsohon hannu, ɗan'uwan abin da ke cikin kik na mota da injin huda bango. A jikin gwangwaninsa akwai maganaɗisu biyu a manne. A tsakiya akwai sanda mai juyawa da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, wato koyil. Tun da koyil ɗin juyawa yake yi, ba yadda za a ɗaura masa waya kai tsaye. Sai aka sa wa ƙarshen sandar zoben jan ƙarfe da aka tsaga gida uku, shi ne kwamiteta, aka kuma dafa masa wasu ƙananan dunƙulaye biyu da sifirin ke turawa. Su ne buroshi. Sunan ya samo asali ne daga injinan farko na ƙarni na 19, lokacin da ake amfani da tufkar siraran wayoyi mai kama da buroshin gaske. Na yanzu curi ne na girafayit, irin abin da ke bakin fensir, gauraye da garin jan ƙarfe, wani lokaci da ɗan azurfa.

Wuta na bi ta buroshi ta shiga zobe, ta zagaya koyil, ta mai da shi maganaɗisu. Da sandar ta juya, sai buroshin ya tsallaka zuwa gida na gaba, wutar ta sauya hanya, juyin ya ci gaba. Idan inji na juyi 15,000 a minti guda, juyi 250 ke nan a daƙiƙa, kuma kowane buroshi na tsallake tsaga sau 750 a wannan daƙiƙar. Nan ne aikin yake, nan ne kuma lalacewa ke farawa.

Lambobin da ke jikin kwali su ma suna da labari. 380 da 540 da 550 girman gwangwani ne, kuma kamfanin Mabuchi na Japan, wanda aka kafa a 1954, shi ya yaɗa wannan tsarin suna. Motar rimot ta Grasshopper da kamfanin Tamiya ya fitar a 1984 da 380 ta zo, 'yar'uwarta Hornet kuma da 540. Shi 550 kaurinsa ɗaya da 540, tsawo ne ya ɗan fi shi. Lamba mai harafin T, kamar 12T ko 27T ko 55T, yawan zagayen waya ne a koyil. Ƙarancin zagaye na nufin gudu da yawa, jan wuta da yawa, zafi da yawa. Yawan zagaye na nufin tafiyar hawainiya mai sanyi, irin wadda motocin hawan duwatsu ke so.

Inda matsalar sabon buroshi take

Zoben kwamiteta zagayayye ne. Fuskar sabon buroshi kuwa sau da yawa ba ta bi lanƙwasar zoben daidai ba, ko dai shafaffiya ce, ko kuma gefe da gefe kaɗai ke taɓawa. To duk wutar da injin zai ja, wadda kan kai amfiya gommai lokacin da mota ta zabura daga tsaye, dole ta matsa ta bi ta wannan ɗan siririn wuri. Sakamakon shi ne zafi a wuri ɗaya da tartsatsi. Tartsatsin na ƙona fuskar buroshi, yana kuma yi wa jan ƙarfen ƙananan ramuka. Zoben da ya yi ramuka yakan sa buroshi tsalle, tsallen kuma ya ƙara tartsatsi. Haka abin ke ciyar da kansa gaba.

Manufar horo ita ce a bar buroshin ya ci kansa a hankali, da ƙaramar wuta, ba tare da kaya ba, har fuskarsa ta kwanta luf a kan zoben. Da ta kwanta, wutar ta samu faffaɗar hanya. A lokaci guda kuma wani siririn shafi mai launin ƙasa-ƙasa yana kwanciya a kan jan ƙarfen, haɗin girafayit da tsatsar jan ƙarfe da ɗan danshin iska, kuma shi ke sa buroshi ya riƙa zamewa ba tare da karce ba. Muhimmancin danshin nan an gane shi sosai a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da buroshin janaretocin jiragen sama suka riƙa narkewa kamar gari a can sama inda iska ta bushe ƙayau. Saboda haka zoben da ya ɗan yi duhu bai-ɗaya ba datti ba ne, kuma ba a kankare shi.

Akwai sashe na biyu da ke ɗan amfana. Injina masu araha ba su da boris a bakin sanda, bushin tagulla gare su, mai ƙananan kofofi da ke riƙe mai. Shi ma yakan ɗan saki bayan juyin farko.

Busasshen horo, horon ruwa, da horon kan hanya

Busasshen horo shi ne mafi daɗewa. A cire injin daga mota, ko aƙalla a zare ƙaramar giyar da ke bakin sandarsa, a ɗiga mai a bushi, a jona shi da wutar da ba ta wuce volt 3 ba. Manyan batiran tocila biyu na kantin unguwa sun isa, tun da kowanne volt 1.5 ne. A bar shi yana juyi kamar minti 20 zuwa 30, ana taɓawa lokaci-lokaci don kada ya ɗau zafi. Dole ya juya ta fuskar da zai riƙa juyawa idan mota na tafiya gaba, domin buroshi yakan kwanta ne ta gefen da aka koya masa. Batirin motar kansa bai dace da wannan aiki ba: na LiPo (batirin litiyam da ake caji) mai gida biyu volt 7.4 ne, yakan kai 8.4 idan ya cika, kuma wannan zai kawo tartsatsin da ake gudu tun farko. Wasu ƙwararru ma ba sa ba sabon injin wuta sam, sai su haɗa sandarsa da wani injin ya riƙa juya shi, ta yadda babu tartsatsi ko ɗaya.

Horon ruwa gajeriyar hanya ce zuwa wuri ɗaya. Ruwan yana sanyaya injin, yana danne tartsatsi, yana wanke garin buroshi, yana kuma hana shafin nan mai santsi kwanciya, don haka buroshin ke cinyewa da sauri. Abin da busasshen horo zai yi a rabin awa, ruwa kan yi shi cikin 'yan mintoci. Wannan saurin shi ne amfaninsa, shi ne kuma hatsarinsa.

Na ga an yi shi a saman wani gida a Jidda bayan Isha'i. Wani magidanci mai gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da ɗan ƙanwarsa suka rataye 540 da wayoyinsa cikin kwalbar zuma da aka wanke, batiran suna can gefe a busasshen wuri. Sautin injin ya dusashe da shigarsa ruwa, ya koma kamar gunjin ƙudan zuma a cikin tulu. Kafin minti biyu wani baƙin zare ya fara fitowa daga kofofin gwangwanin yana murɗawa.

Yaron ya ce, "Kawu, ya fara baƙi. Ko ƙonewa yake yi?"

"Buroshin ne ke zubar da gari, ɗana. Cire waya, miƙo mini fitila."

Ya haska ta kofar gefe, ya juya sandar da yatsa, ya ga fuskar buroshin ta kusa rufe zoben, ya mai da shi na minti ɗaya, ya fitar. Aikin da ya biyo baya ya fi na ruwan tsawo: ya girgije shi, ya fesa masa maganin wanke kayan lantarki har abin da ke fita ya zama fari, ya busar da shi sarai, sannan ya ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a kowane bushi, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa zoben. Mai a kan kwamiteta yakan haɗu da gari ya zama kwaɓi, ya cike tsagogin, ya haɗa gidajen da bai kamata su haɗu ba.

Tsoron da mutane ke yi na ruwa da lantarki daidai ne a kan wutar gida mai volt 220, wadda ba ta da gurbi ko kaɗan a wannan aiki. Volt 3 na batirin tocila ba ya jan mutum. Abin tsoro na gaske tsatsa ne. Ruwan famfo a Jidda da Makka galibi na teku ne da aka tace a tashoshi irin na Shu'aiba, aka mai da masa wasu sinadarai, ya kuma kwana a tanki. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda ake samu a banshar (shagon gyaran taya), ya fi dacewa, da sharaɗin a tabbatar ruwan ne zalla, ba mai asid ba.

Hanya ta uku ba ta bukatar kwance komai. A tuƙa motar a hankali, a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, da rabin gudu, na cajin batir biyu ko uku, ba zabura, ba birki mai ƙarfi, ba komawa baya farat ɗaya. Akwatin sarrafa gudu na motocin kamfanin Traxxas, abin da 'yan harkar ke kira ESC, yana da tsarin koyo da ke tsai da ƙarfi a kashi 50 cikin ɗari. Rimot ɗin wasu motocin kamfanin Arrma kuma na da maɓallin 50 da 75 da 100. An yi su ne don masu koyon tuƙi, amma sun dace da wannan bukata. Sakamakon bai kai na kan tebur kyau ba, tun da injin na ɗauke da nauyin mota, sai dai ya fi a fito da ita daga kwali a danna mata wuta har ƙasa a cikin rairayi.

Masu cewa a yi, da masu cewa ɓata lokaci ne

Masu goyon bayan horo gadonsu daga filin tsere yake. A shekarun 1980 da 1990, ajin da ya fi cika a gasar motocin batir shi ne wanda kowa ke amfani da inji iri ɗaya. A dokar ROAR, ƙungiyar tseren motocin rimot ta Amurka, injin wannan aji a wancan lokaci zagaye 27 ne. Idan injin kowa ɗaya ne, ɗan bambancin da zaman buroshi ya kawo shi ke raba na ɗaya da na biyar. Mutanen wancan lokaci har ƙaramin injin fiƙe zobe suke yawo da shi a akwati. Hujjarsu ta tsaya a kan abin da ido ke gani: tartsatsi na raguwa, sauti na daidaita, zobe na daɗewa da santsi.

Masu adawa ba su musanta wannan ba. Cewa suke buroshi zai zauna da kansa ko an yi horo ko ba a yi ba, kuma ribar ba ta kai yadda mai wasa a fili zai ji ta a hannunsa ba. Suna ƙarawa da cewa kamfanoni da yawa yanzu kan lanƙwasa fuskar buroshi tun daga masana'anta, ko su yi mata ƙananan haƙora da ke cinyewa da wuri don ta zauna da sauri. Hujjarsu mafi nauyi ta shafi rufaffen gwangwani, irin wanda ke zuwa a yawancin motocin da ake sayarwa a haɗe. Ba a buɗe shi, ba a sauya masa buroshi. Duk garin da ya baƙanta ruwan kofi wani yanki ne na rayuwar injin da ba zai dawo ba. Wanda ya bar shi minti goma sha biyar a ruwa yana hira, ya iya cinye rabin abin da ya saya.

Idan aka auna, hujjojin biyu ba sa karo da juna sosai. Horo na da amfani na gaske ga inji mai buroshin girafayit, amfanin kuma ya fi fitowa a inji mai ƙarancin zagaye da ke jan wuta da yawa. A 55T na motar hawan dutse, wanda dama a hankali yake aiki, da wuya a ga bambanci. Tsakanin busasshe da na ruwa kuwa, busasshen ya fi yafiya ga wanda bai saba ba, domin kuskurensa ba ya da tsada. Inji mai boris a maimakon bushi bai kamata ya shiga ruwa ba, tun da ruwan zai wanke man da ke ciki ya bar tsatsa, kuma a iskar Jidda mai gishirin Bahar Maliya tsatsa ba ta jira.

Akwai rukunin da ya fita daga wannan muhawara gaba ɗaya, wato ƙananan motocin wasan yara na kantuna. Injinansu da yawa ba su da curin girafayit, siraran yatsun ƙarfe ne ke shafar zoben. Babu abin da zai zauna a nan, gogewa kawai za su yi.

Marar buroshi: babu abin da za a horar

A inji marar buroshi an juya tsarin. Koyil na manne a jikin gwangwani ba ya motsi, maganaɗisun ne ke kan sanda yana juyawa. Aikin da zobe da buroshi ke yi na sauya wa wuta hanya ya koma hannun ESC, wanda ke yin sa da lantarki zalla. Babu abin da ke gogar wani abu sai boris biyu, su kuma a shirye suke fitowa. Don haka batun horo bai taso ba. Jona shi da batirin tocila ba zai ma juya shi ba, illa ya ɗumama koyil. Tsoma shi a ruwa kuwa ɓarna ce tsantsa, musamman irin mai ƙaramar igiyar waya shida, wanda ke da allon na'urorin gane matsayin sanda a gindinsa.

Lambar da ke jikinsa KV ce, ma'ana juyi nawa yake yi a minti kan kowane volt idan ba kaya. Mai 3500KV a kan batirin volt 7.4 zai yi kusan juyi 25,900. A sa masa batir mai gida uku, volt 11.1, ya doshi 38,850. Inji ɗaya ne, amma zafin da zai fitar ba ɗaya ba ne.

Abin da wasu ke kira horon marar buroshi, idan aka duba, gwajin farko ne na motar baki ɗaya, kuma yana da kyau a yi shi. A daidaita rimot da ESC. A tabbatar an kunna tsarin yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, domin gidan LiPo da ya sauka ƙasa da volt 3 ya fara lalacewa. A duba haɗuwar ƙaramar giya da babba: a sa siririyar takarda tsakanin haƙoransu, a matsa, a ɗaure, a zare takardar, ya zama akwai ɗan motsi kaɗan. Giyar da ta matse tana dafa inji, wadda ta yi sako-sako tana cinye haƙora. Sannan a yi tafiyar minti biyar a tsaya a ji zafi.

Zafi da rairayi: abin da bidiyon waje ba ya faɗa

Yawancin shawarwarin da ke yawo daga Turai da Amurka da Japan suke fitowa, inda ake wasa a kan ciyawa ko jar ƙasa mai danshi. A Hijaz, abin da ke kashe inji tun kafin buroshinsa ya tsufa zafi ne da yashi.

Inji yakan ɗora nasa zafin ne a kan na iskar da ke kewaye da shi. A ce wani tsarin giya na ƙara digiri 45. A garin da iska ke 20, injin zai tsaya a 65, lafiya lau. A Makka da rani, inda zafi kan haura 45, tsarin nan ɗaya zai kai shi 90. Jidda ta taɓa kai wa 52 a watan Yunin 2010, kuma kwalta da rairayi sun fi iska zafi nesa ba kusa ba. 'Yan harkar kan so inji ya tsaya ƙasa da 70 zuwa 80, saboda maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari, dangin wanda ke cikin marar buroshi, yakan fara rasa ƙarfinsa daga wajen 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko injin ya huce. Maganaɗisun da ya raunana yakan sa inji ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi. A mai buroshi kuma zafi kan kashe sifirin, ya narkar da dalma, ya ƙona fentin da ke jikin wayar koyil.

Rairayi mai laushi na ƙara dagula lissafin. Injin lantarki ya fi jan wuta lokacin da aka danna masa amma kaya ya hana shi sakewa, zafin da ke tashi a waya kuma ba ya bin wutar sau-da-ƙafa: idan wuta ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Motar da tayoyinta suka nutse tana haƙa, mai ita kuma yana ƙara dannawa, tana cikin mafi munin yanayi. Ga shi gwangwanin mai buroshi na da kofofin shan iska, ta nan ƙura ke shiga ta zauna tsakanin buroshi da zobe tana aikin sanfefa. Maganaɗisun kuma na tsince baƙin garin ƙarfen da ke cikin yashi ya tara a ciki. Zoben da aka ɓata rabin awa ana lallashi, yammaci ɗaya a cikin tudun rairayi ya isa ya karce shi.

Maganin ba shi da wuya. A rage haƙori biyu ko uku a ƙaramar giya lokacin rani, gudu zai ɗan ragu, zafi zai sauka. A mai da wasa bayan Magariba ko da sassafe. A bar inji ya huce tsakanin batir da batir. Ƙaramin ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo ya fi yatsa, amma idan babu shi, gwangwanin da yatsa ba zai iya zama a kai na daƙiƙa uku zuwa biyar ba ya nemi hutu. Bayan an dawo gida a hure ƙurar, a fesa maganin wankewa, a mayar da ɗigon mai. Batirin LiPo kuwa ba a barinsa cikin motar hawa da aka ajiye a rana, kuma idan zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba, a ajiye shi a wajen volt 3.8 kowane gida.

Abin da ya shafi aljihu da tsaraba

Rufaffen 540 ko 550 na cikin sassa mafi araha a jikin mota, haɗin marar buroshi da ESC ɗinsa kuma ya ninka shi sau da yawa. Wannan ya sa mazaunin Jidda ko Riyad, wanda zai iya samun wani a shago ko ya yi oda ta intanet, yake iya ɗaukar injin a matsayin abin da ke ƙarewa kamar taya. Ko a nan ɗin ma akwai harajin kashi 15 da ake biya tun Yulin 2020, ga jiran kaya idan daga waje za su taho. Wanda motarsa ke da garanti kuma ya kamata ya karanta takardar kafin ya kwance inji, domin alamar ruwa ko tsatsa a ciki hujja ce a hannun mai sayarwa.

Lissafin ya sha bamban ga motar da za ta tafi gida tsaraba. A Kano ko Zinder ko Sakkwato, ƙurar hunturu da zafin bazara ba su da sauƙi a kan na nan, kuma samun inji daidai girman wanda ya mutu na iya ɗaukar watanni. A irin wannan hali rabin awar busasshen horo kafin a rufe akwati ta biya kuɗinta, haka ma sayen inji na biyu da ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora a jefa cikin kaya. Batirin LiPo ba ya shiga jakar da za a auna, a hannu ake riƙe shi, an rufe bakin wayoyinsa da salatif. Ƙa'idar jiragen sama ta amince da wanda bai wuce awa-wat 100 ba, mai gida biyu na 5000mAh kuwa 37 ne kacal. Yana da kyau a gaya wa wanda zai karɓi motar ko waya biyu ce ke fita daga injinta ko uku, domin shi ma bidiyon kofin ruwan zai iso wayarsa.